Kalmar "Austere" a Hannun Masu Fassara

Tun 1982, da gwamnatin Shagari ta ɓullo da matakan "austerity", masu fassara suka tsaya a kan "tsuke bakin aljihu". Wannan ya dace da kasafin kuɗi, amma bai wadatar da 'yar'uwarta "austere" a fagen adabi ba. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta ɗanɗanon da ke busar da harshe, wato bauri, irin na ɗanyar kanya. Idan manazarci ya kira salon marubuci "austere", ba talaucin kalmomi yake nufi ba. Marubucin yana da adon, da gangan ya ƙi sa shi. Ɗalibin da ya fassara ta da "rowa" ko "tsanani" ya mayar da yabo zargi. Ni dai "salo mai bauri" ya fi kwanta mini a rai.