Wasannin tsoffin Girkawa ba kayan gidan tarihi ba ne

Masu shirya wasan kwaikwayo sun daɗe suna jayayya kan yadda ya dace a ɗora wasannin tsoffin Girkawa a dandamali. Wasu na son a yi su kamar yadda aka yi a Atina, da abin rufe fuska da dogayen riguna. Wasu kuma na ɗauke labarin su kai shi ƙasarsu da zamaninsu. A ganina na biyun ne suka fi riƙe amanar marubutan. A shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Yurifidis ya nuna wasansa na matan birnin Troy, watanni kaɗan bayan sojojin Atina sun karkashe mazan tsibirin Melos sun bautar da mata da yara. Tatsuniyar tsohuwa ce, amma zafin da ke cikinta na ranar ne. Wannan hanya Femi Osofisan ya bi a 2004 da ya mayar da wasan zuwa garin Owu na ƙasar Yarabawa, haka ma matan Siriya 'yan gudun hijira da suka yi shi a Amman a 2013. Kuma ko an so kwaikwayon asali ba zai yiwu ba: 'yan amshi waƙa suke yi da rawa, kiɗan kuwa kusan duk ya ɓace. Abin da ake kira asali hasashe ne kawai.

Masu suka suna da hujja ɗaya mai nauyi. Sun ce sabuntawa na ƙuntata wasa, ta mayar da shi wa'azin siyasa. A wasan Antigoni na Sofokilis, sarki Kiriyon da ya hana binne gawar ɗan'uwan Antigoni yana da dalilinsa, domin birninsa bai daɗe da fita yaƙi ba. Wasu masu shiryawa kuwa sai su saka masa kakin soja, shi ke nan ya zama azzalumi zalla. Wannan aibi ne, amma na gaggawar mai shiryawa ne. Jean Anouilh ya nuna tasa Antigoni a Paris a 1944, birnin na hannun 'yan Nazi, ya kuma bar wa Kiriyon hujjarsa, har 'yan kallo suka rabu kan wanda yake goyon baya.

Saboda haka a daina auna waɗannan wasanni da tufafi. A duba ko mai shiryawa ya bar kowane ɓangare ya faɗi hujjarsa; in ya yi haka, ya kai wasan duk garin da ya ga dama.