Ƙwaƙwalwar Makaɗi da Fitilun Dandali

Masu haɗa fitilun dandali da ƙwaƙwalwar makaɗi suna da'awar cewa hasken yana bayyana shauƙinsa ga 'yan kallo. A ganinmu, akwai gyara. Igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa mai suna alfa, wadda Hans Berger ya bayyana a 1929, takan ƙarfafa ne idan mutum ya rufe ido ya natsu. Don haka ne a 1965 Alvin Lucier ya zauna shiru, igiyar tana girgiza masa ganguna. To, makaɗin da kiɗa ya ratsa, ido buɗe, jiki na rawa, ina zai same ta? Ke nan fitilar da ke bin alfa natsuwa take aunawa, kuma haskenta yakan raunana igiyar da ke kunna ta.