Tasar kabari ba ta faɗin asalin mai kabari

Wataƙila ka taɓa cin karo da maganar nan: wai an tono tasa ƙirar Gabas ta Tsakiya a kabarin sarakuna a ƙasar Katsina, don haka Hausawa daga Masar suka fito. Tasar dai gaskiya ce. Hujjar da aka ɗora a kanta ce ba ta da ƙafa.

Wurin shi ne Durɓi ta Kusheyi. Baturen mulki Palmer ya haƙa shi a 1907, Jamusawa suka sake haƙawa a 1992, daga baya aka kai kayan Mainz don bincike. An samu tasar, da wuri, da awarwaron hauren giwa, da zinariya, a kaburburan da suka haura shekara 500. Abin da wannan ya nuna shi ne fatauci: mai kabarin yana da halin mallakar kayan nesa. Ai kwanon tangaran ɗan Sin da ke jere a ɗakin amarya a Dutse bai mayar da ita 'yar Sin ba.

Irin wannan kuskure ya faru a Masar ɗin kanta. Tsakanin 1894 da 1895, Flinders Petrie ya haƙa kaburbura fiye da 2,000 a Naƙada, ya ga jajayen tukwane masu baƙin baki da bai saba gani ba, sai ya ce na wasu baƙi ne da suka mamaye ƙasar. Ashe na kakannin Misirawa ne, tun kafin Fir'aunoni. Ya janye maganarsa. Aikin da ya tsaya masa shi ne na 1899, da ya jera tukwanen kaburbura 900 bisa yadda ƙirarsu take sauyawa, ya gano wanne kabari ne ya riga wanne.

Ka ga ke nan, tukunyar gida ce ta ba da tarihin. Ita ake ginawa da yumɓun gari, ta fashe, a gina wata, shi ya sa take bin sawun zamani.

To idan garma ta tono maka tsohuwar tukunya a gona, kada ka fasa ta neman zinariya, kada kuma ka ɗaga ta. Ɗauki hoto, ka sanar da hukumar gidajen tarihi. Da zarar ta bar gurbinta, rabin labarinta ya tafi.