Rubutun da Sai an Hau Dutse Ake Karanta Shi

Wanda ya shiga unguwar Manshiyat Nasir a Alƙahira, buhunan shara zai fara gani, jibge a ƙofar gida da saman rufi. Mutanen unguwar, galibinsu Kiristoci Kibɗawa, su ke bi gida-gida suna kwashe sharar birnin, su ware roba da ƙarfe da takarda su sayar. Zabbalin ake ce musu, wato 'yan bola, kuma mai faɗa ba girmama su yake yi ba.

A 2016 mai zane eL Seed, ɗan asalin Tunisiya haifaffen Faransa, ya nemi izinin limamin cocin unguwar, sannan shi da abokan aikinsa suka shimfiɗa rubutun Larabci guda ɗaya a kan gidaje kusan 50. Daga cikin lungu ba ka ganin komai sai guntayen fenti, fari a nan, shuɗi can, ruwan goro a saman wani bene. Sai ka hau dutsen Muƙaɗɗam ka tsaya a wuri guda, guntayen su haɗu su zama ƙatuwar da'ira. Maganar da ke ciki ta Atanasiyus ce, tsohon bishop na Iskandariya, kan goge ido kafin a ga haske.

Ni lissafin ne ya fi burge ni. Wutsiyar harafi takan ƙare a gefen bangon wani gida, ci gabanta kuwa yana kan wani gidan can baya, da tazarar lungu biyu ko uku. Gidan da ya fi nisa ƙarami yake a ido, don haka dole a faɗaɗa layinsa, a kuma ɗaga shi daidai inda ido zai ɗauko shi daga kan dutse. Mai fenti yana rataye a jikin bango, buroshi a hannu, ba ya ma ganin harafin da yake rubutawa. Ya kauce da taƙi ɗaya, harafin ya karye. Duk wanda ya taɓa zayyana allo ya san wahalar daidaita layi a abin da ke kan cinyarsa, balle a gidaje 50 masu tagogi da baranda da igiyar shanya.

Da farko lamba eL Seed da abokan aikinsa suka ba kowane gida don kada su rikice. Kafin a gama, shayi da abincin da ake ta miƙo musu sun sa suna kiran gidajen da sunayen masu su.