Sauyin Halin Tauraro: Nazarin Eren a Labarin Zane na Shingeki no Kyojin

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ƙagaggun labarai sukan kasa taurari gida biyu: miƙaƙƙen tauraro, wanda halinsa ba ya sauyawa, da tauraro mai gammo, wanda al'amuran labari ke juya shi. E. M. Forster ne ya fito da wannan rabo a 1927, kuma ma'auninsa shi ne tauraro mai gammo ya ba mai karatu mamaki, amma mamakin da hankali zai ɗauka. Wannan maƙala za ta ɗora ma'aunin a kan Eren Yeager, babban tauraron labarin zane na Japan mai suna Shingeki no Kyojin, wanda Hajime Isayama ya wallafa cikin babi 139 daga 2009 zuwa 2021. Masu karatu da Faransanci sun san shi da L'Attaque des Titans. Tambayar ita ce: komawar Eren makashin bayin Allah ginin tauraro ne mai kyau, ko kuwa marubuci ne ya karya shi?

2.0 Labarin a Taƙaice

Mutane suna zaune cikin ganuwa uku don tsoron wasu ƙattai masu cin mutane. Eren yana ɗan shekara 10 aka fasa ganuwar garinsu, aka cinye mahaifiyarsa a gaban idonsa, ya yi rantsuwar sai ya ga bayan ƙattan. Daga baya ta bayyana cewa ƙattan mutane ne daga ƙabilarsa aka mayar haka, kuma a hayin teku akwai ƙasar Marley da sauran duniya da ke ƙin jinin mutanen tsibirinsu na Paradis. Daga nan sai Eren ya kai hari garin Liberio, ya kashe har da yara. A ƙarshe ya saki dubban ƙattan da ke cikin ganuwa, suka tattake kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya.

3.0 Hujjar Masu Suka

Masu suka suna cewa yaron da aka sani mai kuka da kishin abokai ba shi ne mai sanyin ido da ya bayyana bayan tsallen shekara 4 da labarin ya yi ba. Suna da abin kamawa, domin daga babi na 91 marubucin ya rufe wa mai karatu zuciyar Eren, ya koma ba da labari ta idon mutanen Marley. Sai dai ɓoye tunanin tauraro dabarar zubi ce, ba ta isa hujjar cewa hali ya karye ba.

4.0 Inda Ginin Ya Yi Ƙarfi

Da an koma farkon labarin za a ga cewa ƙwayar tashin hankali tana nan tun fil azal. Eren yana ɗan shekara 9 ya daɓa wa mutum biyu wuƙa don ceto Mikasa, kuma bai ɗauke su mutane ba. Mai karatu ya yafe masa saboda waɗanda ya kashe masu satar mutane ne. Haka ya riƙa tafa masa lokacin da yake kisan ƙattai. Ashe halin bai sauya ba, wanda ake kashewa ne ya sauya. A nan ya bambanta da Ganɗoki na Bello Kagara (1934), wanda shi ma mayaƙi ne daga farko har ƙarshe, amma labarin bai taɓa tsayawa ya nuna mana fuskar wanda takobinsa ya sara ba. Isayama ya tsaya. A babi na 131 Eren yana kuka yana neman gafarar wani yaro ɗan gudun hijira mai suna Ramzi, ya san shi zai yi ajalinsa, sannan zane ya nuna yadda aka take yaron.

5.0 Inda Ginin Ya Yi Rauni

Raunin yana wajen zaɓi. Marubucin ya ba Eren ikon hango abin da zai faru, ya kuma nuna cewa ya yi ta neman kauce masa ya kasa. Babi na 139 ma ya ƙara da cewa shi da kansa ya karkatar da ƙatuwar da ta cinye mahaifiyarsa. Ke nan musabbabin fushinsa shi ya haddasa shi, labari ya zama maciji mai haɗiyar wutsiyarsa. Idan tauraro ba shi da wata hanya, to nauyin laifi ya ragu a kansa, kuma darasin da babi 130 suka gina ya sassauta.

6.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa munin aikin tauraro ba shi ne ma'aunin ingancin gininsa ba. Abin dubawa uku ne: ko an shuka halin tun farko, ko an nuna abin da ya jawo wa wasu, ko kuma tauraron da kansa ya zaɓa. Eren ya cika biyu na farko, na ukun ne ya yi tangarɗa. Ana son ɗalibai su gwada waɗannan ma'aunai a kan wani tauraro daga ƙagaggun labaran Hausa da suka karanta.