Tsokaci Kan Yadda Malaman Hausa Ke Kallon Sara a Bakin Ɗalibai

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1981 da 1998 da 2004, ta yi tanadin ɗalibin sakandare ya koyi ɗaya daga manyan harsunan ƙasa uku baya ga harshensa. Wannan tanadi ya taimaka wajen shigar da Hausa azuzuwan kudancin Nijeriya, inda ɗalibi kan fara tsintar harshen a bakin 'yan kasuwar Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, ko a finafinan Kano. Irin wannan Hausa kuwa cike take da sara.

Malamai da dama suna ɗaukar sara a matsayin gurɓata harshe da rashin tarbiyya. Da zarar yaro ya ce “littafin ya haɗu”, ko ya kira haziƙin abokinsa “ƙwaro”, sai a tsawata masa. Ba laifi ba ne malami ya yi kishin daidaitacciyar Hausa, domin da ita ake rubuta jarrabawa. Sai dai wannan hali yana da rauni ta fuska uku.

Na farko, akan cuɗa abubuwa mabambanta, wato sara da karin harshe da Ingausa. Yaron da ya ce “shina” maimakon “yana” Sakkwatanci ya yi, kuma hukunta shi zalunci ne ga karin iyayensa.

Na biyu, an manta cewa harshe rayayye ne. Kalmomi irin su “kabu-kabu” da “acaɓa” daga titi suka fito, amma sun samu gindin zama har a jaridu da rediyo.

Na uku, wanda ya fi muni, tsawa tana rufe bakin mai koyo. Ɗalibin da Hausa ba harshen uwarsa ba ne, in aka kunyata shi kan 'yar guzurin da ya zo da ita, sai ya yi gum, daga ƙarshe ya yar da darasin.

Saboda haka, ya kamata manhaja ta ware darasi kan dacewar magana da muhalli. Malami ya rubuta sarar a allo, ɗalibai su kawo takwararta a daidaitacciyar Hausa, sannan a tattauna wadda ta dace da hirar abokai da wadda ta dace da wasiƙar neman aiki. Haka kuma, kwalejojin horon malamai su ƙarfafa nazarin walwalar harshe, domin malamin da ya san asalin sara ne zai iya yi mata linzami.