Jinjina ga mai usur

A filayen ƙwallo na Matankari da Dogon Dutsi, alƙalin wasa ba shi da jami'an tsaro, ba shi da VAR. Daga usur sai katin aljihunsa. Sau da yawa yaron da zai kora ɗan maƙwabcinsa ne, kuma da magariba sahu ɗaya zai tsaya da uban yaron. Duk da haka yakan ɗaga jan kati, ya tsaya kan hukuncinsa. Wannan ba ƙaramar jarumta ba ce, kuma ina jinjina masa. Haka ma ƙwararren ɗan wasan da yake ganin an zalunce shi, amma ya haɗiye fushi ya fita, domin yaranmu na kallonsa a talabijin.

Ko a manyan filaye aikin ba sauƙi. A 1966 kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, ya daɗe yana ƙin fita bayan an kore shi a wasansu da Ingila. Ruɗanin wasan nan ne ya haifar da katunan da aka fara amfani da su a gasar duniya ta 1970. Namu Lucien Bouchardeau, ɗan Nijar, shi ya busa wasan Italiya da Chile a 1998, ya ba Italiya fenaritin da aka daɗe ana gardama a kansa, aka tashi 2-2.